Aikin rukuni da muhawara a aji mai ɗalibai 70: amsa ga wata malama a Jos

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da darasin Sibik a wata sakandaren gwamnati a nan Jos, 'yan aji biyu na babbar sakandare. Ajina ya kai mutum 70, maza da mata, Musulmi da Kirista. Duk lokacin da na raba su rukuni-rukuni, mutum ɗaya ko biyu ne ke yin aikin, sauran sai hira, ga surutu har firinsifal ya leƙo. Na gwada muhawara a kan satar jarrabawa, ta kusa zama faɗa, har wata yarinya ta yi kuka. Ina so su koyi aiki tare, su kuma iya tattauna abin da ya dace da wanda bai dace ba, ba tare da gaba ba. Ko dai in haƙura in koma rubuta musu a allo kawai?"

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki haƙura. Idan na fahimce ki, abu biyu ne ke damunki: rukunin da mutum ɗaya ke ɗauke da shi a kai, da muhawarar da ke ƙarewa da ɓacin rai. A ganina tushensu ɗaya ne. A duka biyun babu abin da ya sa yaro ya buƙaci abin da ke bakin na kusa da shi. A rukuni yana iya samun maki ba tare da ya saurari kowa ba, a muhawara kuma yana iya cinyewa ba tare da ya ji abin da abokin hamayyarsa ya faɗa ba. Muddin aikin da kika ba su bai tilasta musu sauraron juna ba, nasiha a kan haɗin kai ba za ta canza komai ba. Don haka gyaran yana cikin yadda ake tsara aikin, kuma wannan yana hannunki.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada malami ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibai 40 a babbar sakandare. Ke kina da kusan ninki biyu. Duk abin da zan faɗa na auna shi ne da ajin da bencina suka cika har bango, ba kuɗin buga takardu, darasi kuma minti 40.

Me ya sa mutum ɗaya ke yin aikin?

Wannan ɗabi'ar ɗan'adam ce, ba ta 'yan ajinki kaɗai ba. Wani injiniyan aikin gona a Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ya auna ƙarfin kowa shi kaɗai, sannan ya auna su a haɗe. Abin da ya wallafa a 1913 shi ne, yawan masu ja na ƙaruwa, ƙarfin da kowane mutum ke sawa na raguwa. Idan ba a ganin rabon kowa, hannu yakan yi sanyi. Ki duba yadda manoma ke gayya: ana jeruwa ne kowa da kunyarsa, wanda ya yi baya kowa na ganinsa, kuma ba a tashi sai an gama gonar. Mu kuwa a aji sai mu miƙa wa yara takwas takarda ɗaya da tambaya ɗaya, wadda yaro mai ƙoƙari zai amsa cikin minti biyar shi kaɗai. Shi mai ƙoƙarin ya ga jiran sauran ɓata lokaci ne, su kuma sun ga ba a buƙatarsu. Kowannensu ya yi lissafi daidai.

Hanyar da na fi amincewa da ita ta samo asali ne daga yanayin da ya yi kama da namu. A 1971, a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, an haɗa 'ya'yan fararen fata da na baƙaƙe da na 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya bayan an daɗe ana raba su, sai faɗa da ƙiyayya suka yi yawa. Wani masanin halayyar jama'a, Elliot Aronson, shi da ɗalibansa na jami'a suka ɓullo da tsarin da ake kira Jigso. Ana yanka darasi gida-gida, kowane yaro a rukuni ya riƙe yanki ɗaya wanda babu mai shi sai shi, jarrabawa kuma a kan darasin gaba ɗaya take. Yaron da ake yi wa dariya saboda yadda yake magana ya zama dole a saurare shi, domin wanda ya katse shi kansa ya cuta.

Ga yadda zai zauna a darasinki. Ɗauki batun rassan gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba majalisa ikonta a sashe na 4, ɓangaren zartarwa a sashe na 5, kotuna a sashe na 6, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati. Yanki huɗu ke nan. Ki raba ajin huɗu-huɗu, za ki sami rukuni 17, biyu daga ciki su zama masu mutum biyar. Kowa ya ɗauki lamba daga 1 zuwa 4. Ki rubuta bayanin kowane yanki a kwali, ki liƙa a kusurwa huɗu na aji, kowace kusurwa kwafi biyu don rage cunkoso. Masu lamba 1 su je kusurwarsu su karanta, su tambayi juna, su rubuta abin da za su koyar, haka sauran. Bayan minti goma kowa ya koma rukuninsa. Ba sai an ja benci ba, na gaba su juyo su fuskanci na baya. Sai ki rubuta tambaya ɗaya a allo wadda ba ta amsuwa da yanki ɗaya, misali: an ware kuɗin gina rijiyar burtsatse a wata unguwa, shekara ta zagayo ba rijiya ba kuɗi, wane ne zai yi me? Nan mai riƙe da majalisa zai yi magana, mai kotu zai yi, mai jarida ma haka.

Abin da ke ɗaure tsarin shi ne ƙarshensa. Kada ki bari rukuni ya zaɓi wanda zai yi magana. Ke za ki ce "rukuni na tara, mai lamba 3", ki kuma tambaye shi yankin da ba nasa ba. Da zarar yara sun gane kowa na iya faɗawa hannu, za ki ga mai ƙoƙarin nan da kansa yana cewa abokinsa "maimaita mu ji ko ka riƙe". Karon farko zai zo da hargitsi, mai yiwuwa ƙararrawa ta kaɗa ba ku gama ba. Daga na uku ko na huɗu tashi da zaman ba ya cin lokaci.

Batun surutu kuwa, ki sami firinsifal tun kafin ranar, ki gaya masa abin da za ki yi, ki roƙe shi ya shigo ya gani. Ki kuma yi yarjejeniya da yara: murya kada ta wuce benci biyu, idan kin ɗaga hannu kowa ya ɗaga nasa ya yi shiru. Ni ina barin su su tattauna da Hausa a cikin rukuni, tunda ita ce ta haɗa Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Bafulatani da Bahaushe a garin nan, har da Ibo da Yarabawan da aka haifa a nan, amma bayani a gaban aji da rubutu da Turanci, domin da shi WAEC da NECO za su tambaye su.

Wa zai zauna da wa

Kada ki ce "kowa ya nemi rukuninsa". A Jos kin san abin da zai biyo baya: 'yan Anguwan Rogo da Gangare gefe guda, 'yan Anguwan Rukuba da Tudun Wada gefe guda. Yaran nan ba su ga rikicin Satumban 2001 ba, amma sun taso a unguwannin da shi da na 2008 da na 2010 suka raba, wasu ajinki ne kaɗai wurin da suke zama kusa da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ki zauna da rajista a gida ki haɗa su da kanki, mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni, daga unguwanni daban-daban, kuma kada ki sanar da dalili. Ki ce kawai ga rukunai. Ki bar su tare kamar mako shida kafin ki sake.

Zama kusa da juna shi kaɗai ba ya kawo shaƙuwa. A 1954 wani masanin halayyar jama'a, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma, ya raba su gida biyu, ya sa su gasa har suka tsani juna. Da aka haɗa su cin abinci da kallon fim, sai suka mai da wurin fagen jifa da abinci. Gabar ba ta sauka ba sai da ruwan sansanin ya yanke suka nemi gyara tare, motar abinci ta maƙale suka ja ta da igiya ɗaya. Aikin da ɗaya ba zai iya ba sai da ɗaya, shi ya yi maganin.

Ki lura da 'yan mata. Idan aka bar rukuni da kansa, yarinya ake miƙa wa biro a ce ta fi iya rubutu, maza su riƙe magana. Ki riƙa juya ayyukan kowane mako. Idan kuma kin san iyaye ko makaranta ba sa son maza da mata a benci ɗaya, ki yi rukunin mata zalla da na maza zalla. Tsarin bai lalace ba, cakuɗa unguwa da addini tana nan.

Muhawarar da ba a neman wanda ya ci

Muhawarar da muka gada a makarantunmu gasa ce. A gai da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, a ce likita ya fi manomi ko manomi ya fi likita, a tafa, a ba da kofi. Tana koyar da tsayuwa gaban jama'a, ba na raina ta. Amma wanda ya shige ta ya san doka ɗaya: kada ka taɓa yarda abokin hamayya yana da gaskiya. Idan aka ɗora batun ɗa'a a kan wannan, an koya wa yaro taurin kai ne a daidai wurin da ake so ya iya cewa "ban yi tunanin wannan ba". Ga kuma wani abu: satar jarrabawa tana da fuska a ajinki. Kowa ya san wanda aka taɓa kamawa. Mai yiwuwa yarinyar da ta yi kuka ta ji da ita ake, ko da ƙawarta. Ki neme ta ita kaɗai ki ji, kada ki bar maganar haka.

Mafita ta farko ita ce a daina ba da take, a ba da labari. Lawrence Kohlberg, wani masanin halayyar ɗan'adam da ya fara bincike a kan yadda yara ke tunanin ɗa'a a Chicago a shekarun 1950, yakan ba yara labarin wani mutum da matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya ninka kuɗin maganin sau goma, mutumin ya haɗa rabi kawai, mai magani ya ƙi ragi ya ƙi bashi. Ya fasa kanti ya ɗauka ko kuwa? Kohlberg bai damu da "e" ko "a'a" ba, dalilin yake saurare. Wani zai ce kada ya ɗauka don za a kama shi, wani zai ce kada ya ɗauka don idan kowa ya yi haka gari ya lalace. Amsa ɗaya, tunani biyu masu nisa da juna.

Labari mai kyau shi ne wanda alheri biyu suka yi karo a cikinsa. "Shin sata tana da kyau?" ba tambaya ba ce, kowa ya san amsar da Malama ke so. Amma ki ce: wani yaro ya ga amininsa da takardar amsa a cikin safa. Ya san uban aminin nan tumatir yake sayarwa a Farin Gada, bashi ya ci ya biya kuɗin jarrabawar. Mai sa ido ya zo ya tambaye shi, "ka ga wani abu?" Nan gaskiya da amana sun haɗu, kuma duk yaron da ke ajin ya san nauyin kowacce. Ko yaron shago a Terminus da maigidansa ya ce ya sayar da jabun caja a matsayin ta asali, alhali maigidan ne ke biya masa kuɗin makaranta. Ki rubuta labaran da kanki, gajeru, kada ki sa sunan da ke nuna addini ko ƙabila, kada kuma su yi kama da abin da ya faru da wani a ajin.

Yadda za a tattauna shi ma yana da tsari. Wasu 'yan'uwa biyu a Jami'ar Minnesota, David da Roger Johnson, sun daɗe suna aiki a kan wannan. A rukunin mutum huɗu, biyu su kare "ya faɗa", biyu su kare "ya yi shiru", kuma ke za ki raba, ba zaɓi. Kowane ɓangare ya yi magana ɗaya na saurare. Sai ki tafa hannu su yi musaya: wanda ya kare shiru yanzu shi zai kare faɗa, kuma sai ya kawo hujjar da waɗancan ba su kawo ba. A ƙarshe su ajiye ɓangaranci, su huɗun su rubuta matsaya ɗaya, ko su rubuta daidai inda suka kasa daidaitawa da dalili. Amfanin wannan a wuri irin namu babba ne. Tunda Malama ce ta ba shi ɓangaren, ba wanda zai bi yaro bayan an tashi ya ce "ashe haka kake". Kuma wanda ya san nan da minti biyar zai koma wancan gefe ba ya zagin masu wancan gefe.

Doka ɗaya nake riƙewa da ƙarfi: ba ka mai da martani sai ka maimaita abin da ɗan'uwanka ya faɗa, har shi ya ce "e, haka nake nufi". Da farko yara kan ji haushinta. Amma rabin faɗan da ake yi a aji a kan maganar da ba a faɗa ba ne, kuma wannan doka tana kashe shi tun daga tushe. Ke ma ki koyi jira. Wata mai bincike a kan koyarwa, Mary Budd Rowe, ta auna malamai a Amurka ta ga yawanci daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. A tambayar ɗa'a ma ki ba su minti ɗaya kowa ya rubuta nasa tukuna, don kada na farkon da ya buɗe baki ya ja ajin duka.

Addini zai shigo, kada ki tsorata. Yaro zai ce ga abin da Alƙur'ani ya ce, wata ta ce ga abin da Littafi Mai Tsarki ya ce. Daga nan tarbiyyarsu ta fito, hana su faɗa zalunci ne. Abin da nake yi shi ne in karɓa da girmamawa, in ce "to, bayyana mana hikimar da ke ciki yadda wanda bai karanta littafinka ba zai gane". Sau da yawa a kan gaskiya da amana da tausayin mai rauni sai su iske magana ɗaya suke yi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne auna addinin wani, da kalmar "ku mutanen kaza". Wanda ya faɗe ta, a tsaya nan take, cikin natsuwa, ya sake maganar da "ni a ganina".

Akwai batutuwan da ba na ba ki shawarar buɗewa: wa ya fara rikici, wa ke da gari, ɗan ƙasa da baƙo. A cikin yara 70 akwai wanda gidansu ya ƙone, akwai wanda aka rasa wani nasa, kuma minti 40 ba ya isa a buɗe wannan ciwo a rufe. Wannan aikin masu horo ne a kan sasanci da kula da waɗanda tashin hankali ya taɓa, da sanin iyaye da hukumar makaranta. Amma akwai labari ɗaya da ke kusa da wurin wanda nake ganin wajibi ne a yi shi, a zango na biyu ko na uku, bayan sun saba da juna. Saƙo ya shigo wayar yarinya a WhatsApp da yamma cewa gari ya rikice a wani wuri, babu wanda ya tabbatar. Yayanta yana kasuwa. Ta tura wa kowa don a tsira, ko ta riƙe sai ta tabbatar? Idan ta riƙe kuma gaskiya ne fa? Idan ta tura kuma ƙarya ce, mutane suka fara gudu, masu shago suka rufe, wani ya ɗauki makami? Duk ɗan Jos ya san yadda gari ke watsewa a kan jita-jita. Rukunai sukan fito da abubuwa masu amfani da kansu: a kira yayan kai tsaye, a tambayi wanda ke wurin, a duba ko hoton tsoho ne. Wannan shawara ce da kowannensu zai yanke wata rana da wayarsa a hannu.

Ke kuma ina matsayinki? Ban yarda malami ya zama marar ra'ayi a komai ba. Satar jarrabawa laifi ce, akwai dokar 1999 da ta tanadi hukunci a kanta, kuma ya kamata su ji haka daga bakinki. Sai dai ki yi magana a ƙarshe, ki kawo dalilinki kamar yadda kika nemi nasu, ki kuma faɗi hujjar wancan ɓangare da kika ga tana da nauyi. Idan kika fara, kin rufe tattaunawar.

Iyakar abin da wannan zai yi

Binciken da na ambata ba a aji mai cunkoso irin naki aka yi shi ba, kuma a wasu ƙasashe ne, don haka sai kin gwada kin gyara. Iya kawo hujja mai kyau kuma ba ya tabbatar da aiki mai kyau. Yaro na iya burge aji a kan gaskiya ranar Talata, ya shiga da takarda a safa ranar Alhamis, musamman idan yana ganin manya na yi. Abin da aji zai iya bayarwa shi ne sabo da sauraro da auna magana. Ba kowane darasi ne kuma ya dace da rukuni ba. Ga manhaja da za a gama, ga jarrabawa na tafe. Sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, ya wadatar.

Maki shi ne inda tsarin kan rushe. Idan kika ba rukuni maki ɗaya, mai ƙoƙari zai ji an zalunce shi, iyayensa ma za su zo. Ki sa mafi yawan makin ya fito daga gajeren gwajin da kowa ya rubuta shi kaɗai, sannan ki ƙara wa rukuni ɗan kari idan kowane ɗansa ya fi abin da ya samu a gwajin baya. Ta haka yaro mai rauni da ya tashi daga 3 zuwa 5 ya kawo wa rukuninsa riba daidai da kowa. A muhawara kuwa kada ki ba ra'ayi maki. Ki sa kowa ya rubuta layi biyar yana bayyana hujjar ɓangaren da bai yarda da shi ba, ki duba ko ya yi mata adalci, wannan za ki saka a rajista. Ki fara da rassan gwamnati a mako mai zuwa, ki ajiye labarin aminin nan sai rukunan sun yi wata guda tare. Allah ya taimaka, Malama.